Muryar Fuyu

Shekara talatin da takwas ke nan Fumi da Fuyu suna da shekara tara a duniya, kuma ba su da niyyar ƙara ko ɗaya. Tagwaye ne, 'ya'yan mai awara a shirin katun ɗin nan Gidan Bakin Gada, wanda ake nunawa duk yammar Asabar ƙarfe shida da rabi. Ba don su ake shirin ba. Maƙwabta ne kawai, su leƙo ta kan katanga, su faɗi abin da manya suke ɓoyewa, su tuntsure da dariya, su ruga. Wani makon magana huɗu, wani makon shida, wani makon ma "Ina kwana!" kaɗai, baki ɗaya. Amma in an yi mako biyu ba su leƙo ba, sai ka ji tsofaffi a gidan wanka suna tambayar juna ko lafiya.

Tokue Haraguchi ce muryar Fumi, babbar, shekararta saba'in da ɗaya. Michiyo Niimura ce muryar Fuyu, ƙaramar, ita kuwa saba'in da uku. Ba dangin iya ba na baba, ko kama ba su yi ba. Tokue gajeriya ce mai jiki, Michiyo doguwa siririya, ga baki. Kai, Michiyo akwai baki! Tun ranar farko ta laƙa wa Tokue "Yaya", tunda haka Fuyu ke kiran Fumi, kuma ba ta taɓa faɗarsa ba tare da tsokana a ciki ba. "Yaya, yau kuma da wace ƙafa kika fito?" "Yaya, wannan rigar ta marigayiya kakarki ce?" Duk tsawon shekarun nan ɗaya ba ta taɓa taka gidan ɗaya ba. Ranar Alhamis suke haɗuwa a ɗakin ɗaukar murya da ke unguwar Nakano, su tsaya kafaɗa da kafaɗa a makirufo ɗaya, su gama, su sunkuya wa juna, kowa ta kama jirgin ƙasan da zai kai ta gida.

Wata Talata cikin watan biyu Michiyo tana wanke shinkafa, sai kwanon ya suɓuce mata. Mijinta ne ya tarar da ita a ƙasa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakin ya karkace, maganar ta tafi.

Marubuta suka tura tagwayen gidan kakarsu na mako uku. Da makonnin suka ƙare, Okabe, daraktan murya, ya ce yana son ganin Tokue a shagon shayin da ke ƙasan bene. Mutum ne mai kunya, da shirin ya girma, yana yaro yake kallon shirin da yanzu yake gudanarwa. Ya daɗe yana juya cokali a kofin da bai sa wa sukari ba.

"Haraguchi-san," ya fara, da "san" ɗin girmamawa, "na sama sun matsa mini. Sun ce tagwaye su dawo gida."

"To su dawo mana. Wa ya hana su?"

"Sun ce a nemo 'yan mata biyu sababbi, a canza su a tare. Wai tsohuwar murya da sabuwa ba sa haɗuwa a baki ɗaya." Ya ɗago ya dube ta, ya sake sunkuyar da kai. "Ni na ce a dakata in tambaye ki. Za ki iya riƙe mana Fuyu? Ki yi Fumi tare da kowa, in an watse ki tsaya ki ɗora Fuyu a kai."

"Har zuwa yaushe?"

"Har zuwa... har mu ga yadda hali ya yi."

"Okabe-san, na haife ka. Yi mini magana sosai."

"Ban sani ba," in ji shi. "Ban sani ba, shi ne gaskiya."

A jirgin komawa gida ta samu wurin zama, amma ba ta ji daɗinsa ba. Ta juya maganar ta nan, ta juya ta can, duk inda ta kama sai ta ƙone ta. In ta ƙi, ko ta yi ba daɗi, za a kawo yara biyu, ita da Michiyo duk an sallame su, kuma wanda aka sallama a wannan sana'ar ba ya dawowa. In kuma ta yi da kyau, to me za a jira Michiyo a yi da ita? Baki ɗaya ya ɗauke aikin baki biyu. Wurin Michiyo ne a hannunta, ita ce za ta ajiye mata shi, ita ce kuma za ta iya cinye shi.

Ga wani abu da ba wanda ya sani, wanda ya fi komai damunta. Ta iya muryar. Ta iya ta ƙwarai, kuma ba don ƙauna ta koya ba. Duk Alhamis ɗin da Michiyo ta ɓata mata rai, in ta koma gida tana yanka kabeji sai ta riƙa kwaikwayonta don haushi. "Yaaya, da wace ƙafa kika fito?" Ta ja maganar ta hanci, ta ɗan karya ta a ƙarshe yadda Michiyo ke yi, ta murguɗa wa tukunya baki. Shekara talatin da takwas na haushi ba ƙaramar makaranta ba ce.

Kafin ta sauka a tasharsu ta yanke shawara. Za ta yi, amma ba za ta yi duka ba. Za ta ba su Fuyu da za a iya haƙuri da ita, Fuyu mai ɗan mura, wadda duk wanda ya ji zai ce ba laifi, amma dai Allah ya dawo da mai abin. Rabi za ta bayar, ta riƙe rabi. Ta ji dabarar ta yi mata, har ta sayi kifi mai tsada ta kai gida.

Ranar Alhamis ta sa rigar audugarta da ba ta ƙara in an motsa, da takalmin roba mai laushi. Ta ci dunƙulen shinkafa ɗaya a tsaye don kada ciki ya yi kuka a gaban makirufo. Mutum goma sha huɗu a ɗaki, makirufo huɗu, kowa ya san lokacin da zai shiga ya faɗi tasa ya ja da baya ba tare da ya taɓa kowa ba. Ana juya takarda ba a ji. Tsohon da ke yin muryar kakan gidan ya matsa mata hannu da ta wuce. Kujerar Michiyo ta kusa da ƙofa ba wanda ya zauna a kai, ba wanda ya ɗora jaka.

Jar fitila ta kama. Hoto ya fara tafiya a allo. Tokue ta shiga makirufon hagu, ta tsaya ta ɗan karkace kamar kullum, ta bar wurin mutum ɗaya a damanta. Fumi ta faɗi tata, ta bar gurbin amsar Fuyu, ta ɗora. Lafiya lau. Sai aka zo inda tagwayen za su ɗago kai ta kan katanga su yi magana baki ɗaya. Kawunan biyu suka ɗago, bakunan biyu suka buɗe suka rufe, ɗakin shiru.

Tokue na tsaye da takarda a hannu tana jira. Ita kanta ba ta san jira take ba. Duk maganar da suka taɓa yi baki ɗaya, Michiyo ce take fara jan numfashi ta hanci, ɗan gajere, ita kuma Tokue ta faɗa a kansa. Ba su taɓa shirya haka ba, ba su taɓa zancensa ba. Kunnenta na dama ne ya saba, ya tsaya yana sauraron numfashin da ke kwance a asibiti a garin Hachioji.

"A yi mini afuwa," ta ce, ta sunkuya wa ɗakin. "Kuskurena ne."

"Ba komai," in ji Okabe daga bayan gilashi. "Mu koma daga katanga."

Rabonta da ta sa a sake ɗauka, an fi shekara goma. Kunya ta kama ta har wuya. A karo na biyu ta ƙirga a zuci ta shiga daidai, amma maganar ta fito a bushe.

Ƙarfe biyu aka watse. Ta rage ita kaɗai da kujeru goma sha biyar. Aka ba ta abin saurare ta ɗora a kunne, aka mayar da hoton farko. Ta ji muryarta, Fumi, tana cewa, "Baba ya ce kada mu faɗa wa kowa." Ta tuna shawararta ta cikin jirgi. Rabi kawai. Mura kaɗan. Ta matsa dama, inda ba ta taɓa tsayawa ba.

Fuyu ta juyo a allo, da ɗan ƙullin gashinta na hagu, ta buɗe baki.

To, a nan ne fa dabara ta watse. Wanda bai yi aikin ba ba zai gane ba. In bakin nan ya buɗe, ba ka da lokacin da za ka ce bari in rage. Buɗewa uku ne da rufewa, dole maganar ta cika su cif, kuma jiki ne ke yi, ba kai ba. Hancinta ya ja ɗan gajeren numfashin nan da kansa. "Ai ba kowa muka faɗa wa ba, Yaaya, mai wasiƙa ne kawai!" Ta fito ta hanci, ta karye a ƙarshe, da 'yar dariyar nan da ke maƙale a maƙogwaro. Ba kama ba ce. Ita ce.

Tokue ta ji tsikar jikinta ta tashi. Ta ce a ranta, na gaba zan ɓata. Na gaba ya zo, ba ta ɓata ba. Yarinyar tana tsaye a allo tana jiran a ba ta murya, ta yaya za ka dubi yarinya ka ba ta rabi? Magana shida Fuyu ke da ita a makon, duk shidan suka fito sumul. Da aka zo katanga, muryoyin biyu suka hau kan juna kamar murfi da tukunya, abin da bai samu ba da safe.

Fitila ta mutu. A bayan gilashi mai kula da na'ura, wanda ya fi shekara ashirin yana ɗaukar su, ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu. Okabe ya buɗe ƙofa ya shigo, ya sunkuya mata sosai, ya daɗe bai ɗago ba.

"Na gode. Kin cece mu." Ya ɗago cike da murna. "Ba sai an nemo kowa ba. Haka za mu ci gaba."

"Har ta warke," in ji Tokue.

Ya ce zai kira mata mota.

Ana ɗaukar shirin ne mako shida kafin a nuna shi. Mako shida ke nan Tokue ta yi tana ɗauke da abin a ciki. Matar da ba ta taɓa zuwa gidan Michiyo ba, sai ga ta duk Lahadi a asibiti da lemo a jaka. Niimura, mijin Michiyo, tsohon malamin lissafi ne, kullum yana gefen gado da jaridar da ba ya karantawa. Shi yake ba da labari, tunda mai labarin ba ta iyawa.

"Jiya ta ce 'ruwa', Haraguchi-san. Sarai na ji. Mai koya mata magana ta ce ba ta taɓa ganin mai naci irinta ba. Da asuba take farawa, a, i, u, har na gadon can suka yi ƙara."

Michiyo ta harare shi da idon da ke aiki. Ta jawo allon rubutu da hannun hagu, ta yi ta fama, ta juyo wa Tokue shi. Rubutun kamar na ɗan aji ɗaya: Lokacin kaka zan dawo. Ta goge, ta sake rubutawa: Kin yi ƙiba.

Tokue ta yi dariya. Sau uku tana buɗe baki za ta faɗa, sau uku tana ɓare lemo a maimakon haka. A mako na biyar Okabe ya nuna mata takarda daga sama. An gama magana. Daga yanzu tagwayen duka nata ne, za a aika wa Michiyo furanni da wasiƙar godiya in an ga jikinta ya ɗan yi ƙarfi. Tokue ta ce kada a aika komai sai ta je da kanta. Wannan kaɗai ta roƙa, aka ba ta.

Ranar Asabar ɗin da za a nuna shirin, ta isa asibitin ƙarfe shida. Rana ba ta faɗi ba tukuna, an kawo abincin yamma an kwashe. An ɗaga wa Michiyo kan gado, an taje mata gashi, ƙaramar talabijin na gabanta. Da kiɗan buɗe shirin ya tashi, Niimura ya miƙe ya ɗauki butar shayi.

"Bari in samo ruwan zafi. Ni in na ji ta a ciki, ga ta kuma a nan, ba na iyawa." Ya fita yana jan silifas.

Michiyo ta rufe ido. Haka 'yan sana'ar suke kallon aikinsu, da kunne. Tokue ta zauna a bakin kujera, hannuwanta cikin cinya, ba allon take kallo ba. Aka yi rigimar kakan gida da maƙwabcinsa a kan bishiyar da ta tsallaka katanga. Aka yi talla. Sai ga tagwaye sun dawo daga gidan kaka.

"Ai ba kowa muka faɗa wa ba, Yaaya, mai wasiƙa ne kawai!"

Gefen bakin Michiyo mai lafiya ya ɗaga. Murmushi take, irin na wanda ya ji aikinsa ya yi kyau. Ta yi ta murmushin har magana ta biyu, har ta uku. A ta huɗu murmushin ya tsaya. Girarta ta haɗe. Ba ta buɗe ido ba har aka gama, kiɗan rufewa ya tashi. Tokue ta miƙa hannu ta kashe talabijin.

Michiyo ta buɗe ido. Ba ta nemi allon rubutu ba. Ta tattaro bakin da ƙyar, kowace kalma sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito, a murɗe, da yawu.

"Ban... karanta... wannan... ba."

"Ba ki karanta ba."

"Ke... ce."

"Ni ce."

Michiyo ta daɗe tana kallon silin. "Kunne... bai... gane ba," ta ce. Ta ɗaga hannun hagu ta taɓa kunnenta, ta sake shi ya faɗi kan bargo. "Na ɗauka... ni ce."

Nan Tokue ta fashe da kuka. Ta faɗa mata duka, ba tsari, tana share hanci da hankici. Yadda aka so kawo yara biyu. Yadda ta yi niyyar ba da rabi don a ji rashinta. Yadda bakin yarinyar ya buɗe ta kasa. Har yankan kabejin ta faɗa, da murguɗa wa tukunya baki. "Na so in ɓata, Michiyo-san, na rantse na so in ɓata. Ban iya ba. Sun ce ba za su jira lokacin kaka ba. Sun ba ni ita. Ni na jawo, da na yi ba daɗi da yanzu suna ƙirga kwanakin dawowarki."

"Da... sun kore... mu... duka." Michiyo ta ja numfashi. "Sakarya."

Hawaye na bin gefen fuskarta da ya shanye, ba ta ji shi ba balle ta share. Tokue ta share mata. Wannan ne karo na farko da ta taɓa fuskarta.

A gadon can wata tsohuwa tana tari. Can Michiyo ta kamo hannun rigar Tokue ta jawo ta kusa.

"Yi... mini."

"Me?"

"Fuyu. A nan. In... ji."

"Haba, Michiyo-san. Kada ki sa ni."

"Yaya," in ji Michiyo. Kalmar ta fito a karkace, kuma babu tsokana a cikinta ko kaɗan. "Yi."

Tokue ta miƙe tsaye, don ba a yin wannan aikin a zaune. Ta gyara rigarta. Ba takarda, ba allo, sai fuskar da ke kan matashi. Ta ga leɓen Michiyo ya fara motsi ba sauti, yana neman gaisuwar da Fuyu ke yi duk ranar da ta dawo daga makaranta. Ta bi leɓen, ta jira shi ya buɗe, ta ɗora masa.

"Na dawooo! Akwai abin ci?"

Muryar ta cika ɗakin, tsaf, mai ƙarfi, 'yar shekara tara. Tsohuwar gadon can ta daina tari. Michiyo ta rufe ido, bakinta bai daina motsi ba.

A waje wani abu ya faɗi ya yi ƙara, ya gangara. Sai gudun silifas. Labule ya yaye, ga Niimura, ƙafar wandonsa jiƙe da ruwan zafi bai ma sani ba, fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Michiyo! Michiyo, na ji! Tun daga can na ji! Sake faɗa, don Allah sake faɗa!"

Ya durƙusa a bakin gadon ya kama hannunta, yana kallon bakinta, yana jira. Michiyo ta dube shi. Ta buɗe baki, abin da ya fito gurnani ne da yawu. Ya ci gaba da jira, yana gyaɗa mata kai, murnar ba ta bar fuskarsa ba tukuna.

"Niimura-san," Tokue ta ce daga bayansa, da muryarta ta tsohuwa. "Ni ce."